SHARHI: Mutum-mutumin gyaran bugun zuciya da darasinsa ga masu sayo wa asibitoci na'urori

A wasu manyan asibitocin Amurka, Turai da China, akwai ɗakin da likita ke yi wa zuciya aiki ba tare da ya tsaya a kan majinyaci ba. Majinyacin na kwance a tsakanin wasu manyan maganaɗisu guda biyu, likitan kuwa yana ɗaki na gaba, gaban kwamfuta, yana sarrafa kan wani siririn bututu da aka zura ta jijiyar cinya har cikin zuciya. Fiye da shekara 20 ke nan da fara wannan aiki, amma har yau mafi yawan irinsa da hannu ake yi. Dalilin haka ya shafi duk ƙasar da ke kashe kuɗin jama'a wajen sayen kayan asibiti.

Cutar da maganinta

Cutar ita ce rikicewar bugun zuciya, inda ɗakuna biyu na saman zuciya ke karkarwa maimakon su matse jini a tsare. Fiye da mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da ita a duniya. Babban haɗarinta shi ne jinin da ke kwanciya ya daskare, gudan ya ɓalle zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mai cutar ya fi waninsa fuskantar shanyewar ɓarin jiki da kusan ninki biyar.

A 1998, Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a birnin Bordeaux na Faransa suka nuna cewa galibin tartsatsin da ke tayar da rikicin yana fitowa ne daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu. Daga nan aka samu hanyar magani: a zura bututu, a ƙona ko a daskarar da naman da ke kewaye da bakin jijiyoyin, tabon da ya biyo baya ya tare tartsatsin.

Abin da mutum-mutumin ya zo da shi

Aikin na da wahala ga likita. Yakan shafe sa'o'i a tsaye, sanye da rigar dalma mai nauyi, kusa da hasken ɗaukar hoton cikin jiki, wanda yawansa ke cutarwa. Wannan ƙofa ce kamfanoni suka bi. A 2003, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar Niobe ta kamfanin Stereotaxis, mai aiki da maganaɗisu. A 2007 kamfanin Hansen Medical ya samu izini kan na'urarsa, Sensei.

Binciken da aka yi ta yi daga baya ya nuna cewa likita na samun sauƙin shan hasken sosai, kuma bututun maganaɗisu, saboda laushinsa, bai cika huda bangon zuciya ba. Sai dai a kan abin da ya fi damun majinyaci, wato ko cutar za ta dawo, sakamakon bai fi na ƙwararren hannu ba, aikin ma yakan fi ɗaukar lokaci. Ga kuma tsada: fiye da dala miliyan ɗaya, ban da gyaran ɗaki da kwangilar kula da na'urar duk shekara.

Kasuwa ta yanke hukuncinta. Hansen bai iya tsayawa da ƙafarsa ba, kamfanin Auris ya saye shi a 2016. Sannan wata dabara ta sha gaban kowa, wadda ke kashe naman da gajeren bugun lantarki maimakon zafi ko sanyi. Amurka ta amince da PulseSelect na kamfanin Medtronic a Disambar 2023, da Farapulse na Boston Scientific a Janairun 2024. Dabarar ta fi sauri, ba ta cika taɓa maƙoshin da ke bayan zuciya ba, kuma da hannu ake yin ta. Asibitin da ya zuba dukiyarsa a kan mutum-mutumi ya wayi gari hankalin likitoci ya koma wani wurin.

Inda abin ya shafi Najeriya

A Najeriya, likitocin da suka ƙware a wannan aiki ƙalilan ne, masu hali kuma ƙetare suke fita. Mafi yawan masu cutar ba su ma san suna da ita ba, sai ranar da baki ya karkace, hannu ya saki. Hawan jini, wanda shi ne babban tushenta, yana damun kusan kashi ɗaya bisa uku na manya. Akwai kuma lalacewar ƙofofin zuciya da ke samo asali daga ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani ba. A kan irin waɗannan majinyata, binciken INVICTUS na 2022 ya gano cewa tsohon maganin hana daskarewar jini mai araha, wafarin, ya fi sabon magani mai tsada rage mace-mace. Sharaɗinsa shi ne gwajin jini a kai a kai, abin da ɗakin shan magani na ƙauye ba ya iya yi.

Ƙona wurin rikicin na rage wahalar majinyaci, amma babbar kariya daga shanyewar jiki ita ce gano cutar da wuri da shan maganin jini. Na'urar auna bugun zuciya da ma'aikacin da ya iya karanta ta su ne matakin farko.

A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. Kason gwamnatin tarayya har yau bai kai rabin haka ba, kuma fiye da kashi 70 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita. A irin wannan hali, na'ura mai ƙyalli ta fi gwajin jini daɗin ƙaddamarwa, ta fi kuma kawo kwangila mai tsoka.

Don haka duk ranar da wani gwamna ko minista ya sanar da sayen irin wannan na'ura, akwai tambayoyin da ya kamata 'yan majalisa da masu zaɓe su nemi amsarsu a rubuce: wane likita aka horar domin ta, nawa ne kuɗin kula da ita a shekara, majinyata nawa za ta duba, kuma asibitoci nawa ne a jihar ba su da na'urar auna bugun zuciya mai aiki?