Ba kowane ciwon gwiwa ne targaɗe ba

A unguwarmu an yi wani yaro ɗan shekara 15, gwanin ƙwallo. Ya fara ɗingishi, aka ce targaɗe ne. Aka kai shi wurin mai ɗori, aka murza, aka ɗaure. Da gwiwar ta kumbura aka ce sanyi ne, can kuma aka ce jifa. Sai da aka yi wata bakwai kafin a ɗauki hoton ƙafar. Ranar da likita ya ce kansar ƙashi ce, ta riga ta kai huhu. Ni ma ina cikin masu ce masa "daure, zai wuce". Har yau abin na ci mini rai.

Ƴan uwa, kansar da ke farawa daga ƙashi ba ta da yawa, amma nau'inta da aka fi gani ya fi kama matasa masu tasowa, ƴan shekara 10 zuwa 20. Ta fi zama kusa da gwiwa, ko a dantse kusa da kafaɗa. Ku riƙe alamun nan: ciwo a wuri guda da ya ƙi tafiya har makonni, yana tsananta da dare, har ya hana barci, kumburi ko ƙullutu a kan ƙashi, ɗingishi ba dalili, ƙashi ya karye a ɗan bugun da bai kai ya kawo ba, rama da yawan gajiya.

Gaskiya ne, galibin ciwon ƙashi ba kansa ba ne. Sikila na kawo shi, ƙwayoyin cuta ma haka. To amma ido ba ya rabe su, hannun mai ɗori ma haka. Hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo, shi ne matakin farko. Mutane na gudun asibiti don tsoron yanke ƙafa, alhali jinkirin ne ya fi kai mutum ga yankan.

Akwai cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa a Yamai, amma daga Damagaram tafiyar kusan kilomita 900 ce. Talaka na buƙatar a gano cutar kusa da gida, kuma haƙƙinmu ne mu nemi hakan wurin hukumomi.

Kafin nan, dubi ƙanenka, dubi ƙanwarki. In ciwon ya wuce mako biyu yana hana barci, a je asibiti, a nemi hoto. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.