Yadda Mutanen Yukren Ke Sa Kifi Kaɗan Ya Ishi Gida

Yau madafa za mu shiga, kuma girkin da muka ɗauko daga ƙasar Yukren ya fito. Kada sunan ƙasar ya tsorata kowa. Duk abin da ake buƙata, daga kifin har gishirin, ana samun sa a kasuwar Funtua ko ta Malumfashi, yawancinsa ma a fadamunmu aka noma shi.

Akasarinmu ba mu san Yukren ba sai da yaƙi ya ɓarke tsakaninta da Rasha a ranar 24 ga Fabrairun 2022. A lokacin ne muka ji cewa akwai dubban ɗalibai 'yan Najeriya a can, da yawansu suna karatun likita a birane irin su Kharkiv da Sumy. Jirgin farko da ya kwaso su daga Romaniya zuwa Abuja a watan Maris na shekarar na kamfanin Max Air ne, na Alhaji Ɗahiru Mangal, mutumin Katsina. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, mutanen Yukren manoma ne kamar iyayenmu. Suna da baƙar ƙasa mai albarka, suna noma alkama da masara da dankalin Turawa, kuma kafin yaƙin kusan rabin man furen-rana da ake fitarwa kasuwar duniya daga wurinsu yake zuwa. Shi kuwa manomi, ko a ina yake, ya san yadda ake jan abu kaɗan ya kai ga kowa.

Girkin da muke magana a kai suna kiran sa "riba pid marinadom", wato kifin da aka lulluɓe da miyar kayan lambu. Ana soya kifi, a yi miya mai kauri da karas da albasa da tumatir, a jera su hawa-hawa a tukunya, a bari su sha juna. An san shi a duk ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet, kuma maƙwabtansu na Folan suna yin irinsa amma su "kifin Girka" suke ce masa. Kun ga ke nan sunan ƙasa a kan abinci ado ne kawai. Babu naman alade a ciki, babu giya. Kiristocin yankin ma sukan ci shi a ranakun da suke ƙaurace wa nama, shi ya sa da man girki zalla ake yin sa. Wani abin sha'awa kuma, kifin da muke kira sukumbiya, su "skumbriya" suke ce masa.

To me ya kai mu kawo wannan girki a shafin ɗalibai? Mu duba yadda ake cin kifi a gidajenmu. In an sayo rabin kilo, sai a yanka shi gunduwa uku ko huɗu a jefa a miya. Ta tsakiya ta maigida ce, ɗaya a ajiye wa baƙo ko kaka, sauran a gutsuttsura. Ƙannenmu ƙanana, waɗanda jikinsu ya fi na kowa buƙatar abinci mai gina jiki, sau da yawa romo da ƙamshi kawai suke samu, wani lokaci ma a hana su don gudun ƙaya. Ba rowa ce ta kawo haka ba, kifin ne ya yi kaɗan, kuma yadda muke yanka shi bai ba da damar a raba daidai ba.

Ƙarancin kifin ma ba a gidanmu kaɗai yake ba. Alƙaluman da hukumomi ke bayarwa sun nuna Najeriya na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, amma abin da muke samarwa bai ko kusa kai hakan ba. Shi ya sa ake shigo da na ƙanƙara daga waje, kuma duk lokacin da Dala ta tashi sai farashinsa ya bi ta. A ɗaya ɓangaren, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina saboda tamowa a watanni shida na farkon 2025. Ba mu ce tukunyar kifi ɗaya za ta magance wannan ba. Amma a jihar da ake kirga irin wannan asara, tambayar wa ya samu tsoka a kwanon dare ba ƙaramar tambaya ba ce.

A nan dabarar mutanen Yukren ta burge mu. Kayan lambun da suke zubawa yakan kai yawan kifin ko ya fi shi, kuma tunda kifin a shimfiɗe yake a tsakiya, duk inda ludayi ya shiga sai ya fito da rabonsa. Mu kuwa kayan lambu ba baƙonmu ba ne. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin rani na Ɗanja da kewaye ya cika kasuwa, kwando yakan faɗi warwas, wani ma ya ruɓe a bakin titi kafin mota ta zo. A daidai wannan lokaci ne karas da albasa suke araha. Kifin gida ma akwai shi: masunta na kamo tarwaɗa da karfasa a madatsun Mairuwa da Gwaigwaye a yankin Funtua da kuma ta Malumfashi, ga masu kiwon tarwaɗa a tankuna. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Ga abin da za a tanada don mutum shida: kifi rabin kilo, karas manya 5, albasa 3, tumatir nunannu 7 ko ƙaramin gwangwani ɗaya, fulawa cokali 4, man gyaɗa kamar rabin kofi, lemun tsami 2, masoro, gishiri, sukari rabin ƙaramin cokali, da ganyen bay guda 2, irin wanda ake jefawa a dafa-dukan biki. Su can sun fi amfani da kifin teku mai farar tsoka, irin wanda 'yan kasuwar kifi a nan ke kira panla, domin su ma yawancin kifin da suke ci daga waje ake kawo musu, musamman daga Norwe. A wurinmu tarwaɗa ta fi dacewa saboda ƙayarta ba ta da yawa. Sukumbiya ma ta yi. Karfasa akwai daɗi, sai dai tana son haƙuri wajen tsince ƙaya.

A fara da wanke kifin. In tarwaɗa ce, a zuba mata ruwan zafi ko a goge ta da toka don yauƙin ya fita, sannan a ɗauraye da ruwan lemun tsami ɗaya saboda ƙarni. A yanka ƙanana, a barbaɗa gishiri da masoro, a ajiye minti 15. Kan kifin kada a zubar, a tafasa shi daban da 'yar albasa, romon zai yi amfani nan gaba. Sai a tsane kifin, a juya shi cikin fulawa, a kakkaɓe, a soya kowane gefe kamar minti 3 zuwa 4. Fulawar ce ke hana shi farfashewa, ita ce kuma ke kama miyar daga baya. Ba a so ya bushe ƙayau irin na masu suyar bakin tasha. In ya ɗan huce, a wanke hannu a zare ƙayar gaba ɗaya, a bar tsokar manya-manya. Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci in akwai yara a gidan.

Yanzu sai miya. A goge karas a magogin kuɓewa, a yanka albasa sirara. A tace man da aka soya kifin, a mayar da shi kasko, a zuba albasa ta yi laushi ba tare da ta ƙone ba. A ƙara karas a riƙa juyawa kamar minti 10 a wuta kaɗan-kaɗan, har man ya koma ruwan lemo. Daga nan a zuba markaɗaɗɗen tumatir, a bari ruwansa ya tsotse, a ƙara kofi ɗaya na romon kan kifin, da ganyen bay da gishiri da sukarin nan. Su a can ruwan binega suke ɗigawa don tsami, mu lemun tsamin da ya rage ya wadatar, ko ɗan ruwan tsamiya. Mutanen Yukren ba ma'abota yaji ba ne, amma mun san halinmu, don haka wanda yake so ya jajjaga attaruhu ɗaya ko biyu ya zuba tare da tumatirin.

Abin da ya rage shi ne jerawa. A shimfiɗa kashi ɗaya cikin uku na miyar a gindin tukunya, a baza kifin a kai ya rufe ko'ina, a lulluɓe da sauran miyar. Kada a juya. A rufe, a bar shi minti 10 a kan garwashi ko wuta 'yar kaɗan, a sauke, a ba shi rabin awa ya sha jikinsa. Su suna yanka wani ganye mai ƙamshi a kai, mu lawashi ko lansir ya isa. A can da dafaffen dankalin Turawa ko burodi ake ci. A nan ya shiga da shinkafa, da dankalin Hausa, da doya, har da dambu.

Akwai wuri ɗaya da bai kamata mu kwaikwaye su ba. A Yukren ana barin wannan girki ya kwana a firij a ci shi da sanyi washegari, suna cewa ya fi daɗi a haka. Su ƙasar sanyi ce, mu kuwa ga zafi ga wutar lantarki marar tabbas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa 2, kifi kuma ya fi komai saurin lalacewa. Saboda haka a dafa daidai cin dare, a cinye a daren. Wanda yake da firij mai aiki ya sa ragowar da wuri, ya kuma ɗumama ta sosai kafin ci. Haka nan wajen saye, a duba idon kifin ya zama garau, tsokarsa ba ta lotsawa in an danna, na ƙanƙara kuma a guji wanda ya narke aka sake daskarar da shi.

Masu karanta kimiyya a cikinmu za su gane abin da ke cikin kwanon nan. Kowane giram 100 na tsokar kifi na ɗauke da kimanin giram 18 zuwa 20 na furotin, sinadarin da ke gina jiki. Karas yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido da garkuwar jiki, kuma jiki ya fi tsotsar sa in an dafa shi da mai. Wato soya karas ɗin da aka yi ba don launi kaɗai ba ne.

Muna kira musamman ga 'yan'uwanmu maza. Wanda ya samu gurbi a Zariya ko Dutsin-Ma ko Katsina ya san cewa a ɗakin kwanan ɗalibai babu Inna babu Yaya, daga taliya sai garau-garau. Mutum huɗu in suka yi karo-karo suka sayi rabin kilo na kifi da kashin karas da albasa, sun samu abincin dare na kirki, kuma ba za a yi rigimar wa ya ɗauki babbar gunduwa ba. Waɗanda ke gida hutu kuma, ku nemi izinin Inna ku karɓi girkin dare ɗaya, ku fara zuba wa ƙananan yara kafin kowa.

Wanda ya gwada ya rubuto mana yadda ta kaya, da irin kifin da ya yi amfani da shi da abin da ya kashe, don mu kwatanta farashin Funtua da na Malumfashi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.