Naso Ba Yoyo Ba Ne

Ya ku manoma da hakimai na ƙasar Tambuwal da Kebbe, muna so ku tsaya ku duba kalma guda wadda kowa ke faɗi, amma ba kowa ke auna nauyinta ba, watau naso.

Mutane da yawa suna gama naso da yoyo. A ganinmu wannan kuskure ne. Yoyo shi ne ruwa ya sami tsaga ko huda ya fita, maganinsa kuwa toshewa. Naso shi ne ruwa ya ratsa jikin abu lafiyayye ta ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani. Babu wurin toshewa, sai dai a san halin abin a zauna da shi.

Ku dubi randa. Ruwan da ya naso bayanta shi iska ke busarwa, ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Da wannan hikima Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi tsakaninsu, domin ajiye tumatir da ganye, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000.

To, ƙasa ma haka take. Jigawa tana barin ruwa ya ratsa ta da sauri, laka kuwa tana riƙe shi. Saboda haka gero da gyaɗa suka fi son tudu, shinkafa ta fi son fadamun Gulbin Zamfara. Wanda ya zuba takin zamani duka gaba ɗaya a jigawa, ruwan Agusta zai gangara da rabonsa ƙasa, inda saiwa ba ta kaiwa. Gara ya raba shi biyu, ya kuma riƙa kai takin shanu, gama shi ke sa yashi ya riƙe laima.

Kowa yana iya gwada gonarsa. A haƙa rami kamu guda, a cika shi da ruwa, in ya tsane a sake cikawa. Idan na biyun ya ɓace kafin a gama hira, ƙasar mai saurin naso ce. Idan ya kwana, laka ce.

Amma babban zancen na rijiya ne. Hanyar da ruwan sama ke bi ya cika rijiya, ita ƙazantar masai ke bi. A shekarar 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa ta birnin Landan, likita John Snow ya bi sawu har bakin famfo guda, daga baya aka tarar ramin masai yana dab da rijiyar. Ruwan kuwa garau yake a ido.

Wani zai ce yashi ai yana tace ruwa. Gaskiya ne, amma sai ruwan ya yi tafiya mai nisa a cikinsa. Domin haka masana lafiya suka ce a bar ƙafa 100, watau mita 30, tsakanin masai da rijiya, masai kuma ya kasance ta gangare.

Ya ku hakimai, wannan aikinku ne. Kada a sa diga a sabuwar rijiya ko masai sai kun je kun auna da sawunku. Rigakafi ya fi magani.

Haza wasalam.