WAT 8,000 A JIKIN KWALI, WAT 60 A BAYAN AKWATI

Satin da ya wuce na raka yayana kasuwa sayen kayan ɗakin 'yarsa da za a aurar. An gama da gado, an gama da kujeru, saura kayan sauti. Mai shago ya jawo wani ƙaton kwali mai hoton walƙiya, an rubuta 8,000W ɓaro-ɓaro a jiki. Ya ce, "Alhaji, wannan idan ka kunna har bayan layi sai sun san an kawo amarya." Yaya ya fara laluben aljihu. Na ce a ɗan dakata a juyo min bayan akwatin. A ƙaramar takardar da ke manne kusa da wayar wuta an rubuta abin da na'urar ke ci: wat 60.

To jama'a, abin da ya ci 60, ina zai samo 8,000 ya ba ka?

Na san wani zai ce ana fama da tsadar shinkafa kai kana maganar sifika. Ai saboda tsadar ce nake maganar. Kayan sauti sun riga sun shiga jerin kayan ɗaki, kusan duk gidan da za a kai amarya sai an saya, wani ma da bashi. Kuɗin da aka sha wuya kafin a tara bai kamata a zubar da shi saboda lambar ƙarya ba.

Wannan babbar lambar ta jikin kwali, in ka duba da kyau za ka ga an rubuta PMPO kusa da ita. Ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Wadda za ka nema ita ce RMS, wato ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa a ɗore ba tare da sauti ya dagule ba. Wannan ruɗun ba yau aka fara shi ba. Tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifaya, saboda abin ya yi yawa. Mu a nan har yau kwali ke mana ciniki.

Ka yi lissafi da kanka. Mai aski na kunna irin wannan na'urar da fanka da abin aski duka a ƙaramin janareta da bai kai wat 1,000 ba. Kuma da gaske wat 8,000 take ja, a farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa 'yan Band A a Afrilun 2024, awa ɗaya na jin waƙa zai ci maka naira 1,800. Wa ya taɓa ganin haka?

Abu na biyu da ba a gaya mana: yawan wat ba shi ne daɗin bes ba. Idan ka ninka ƙarfin amfilifaya daga wat 50 zuwa 100, desibel 3 kacal ka ƙara, ɗan ƙari ne da kunne zai lura da shi amma ba wani abin a zo a gani ba. Kafin kunne ya ji kamar sauti ya ninka, sai ka ninka wat ɗin kusan sau goma. Shi ya sa a falo irin namu, amfilifaya mai wat 40 zuwa 60 na gaskiya a kowane ɓangare ta isa har ta yi yawa, in dai sifikun na kirki ne.

Shi bes iska ce ake turawa. Kunnen ɗan Adam yana ji daga wajen 20Hz zuwa 20,000Hz, bes kuma shi ne can ƙasa, inda tambari da babbar ganga suke. Tsirkiya mafi kauri ta jitar bes tana kaɗawa a wajen 41Hz. Kafin ka fitar da irin wannan sautin sai da faifan sifika mai faɗi da akwati mai girma da nauyi. Wufa mai inci 5 a cikin akwatin roba ba za ta iya ba, ko me aka rubuta a jikinta. Dabarar da ake yi ita ce a kumbura sautin da ke ɗan sama da nan, sai ka ji "dum, dum, dum" ka ɗauka bes ne. Ka saurara da kyau: duk waƙar da aka sa, dum ɗin iri ɗaya ne. Bes na gaskiya yana bambance maka bugu da bugu, ka ji inda ganga ta tashi da inda ta sauka.

Ga yadda ni nake gwadawa. Kar ka yarda mai shago ya sa maka waƙarsa, ya san wadda ke rufa wa kayansa asiri. Je da taka a waya ko filashi. Ni waƙar Shata nake sawa, domin kalangu ba ya ɓoye ƙarya: sautinsa hawa yake yana sauka, in sifika ta cakuɗa shi nan take za ka gane. Sai in sa muryar mutum zalla, karatu ko labarai. In muryar ta fito kamar mai magana daga cikin randa, bes ɗin ya danne komai, a bar shi. Sannan ka ce a rage ƙara zuwa yadda za ka ji a gida da dare. Kayan banza sai an ƙure su suke burgewa, na kirki ko a hankali suna da daɗi. Ka ƙwanƙwasa jikin akwatin da yatsa, in ya yi amo kamar fankon gwangwani ka san abin da ke ciki. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa.

Ga masu haɗa amfilifaya daban da sifika daban, a duba lambar om da ke bayan sifika, yawanci 4, 6 ko 8. In amfilifayar ta 8 ce ka ɗora mata 4, ko ka jera sifiku biyu a kafa ɗaya, zafi za ta yi ta ɗauka har ta mutu. Kuma mutane na zaton babbar amfilifaya ce kawai ke ƙona sifika. Ƙarama da aka ƙure ta fi yin ɓarna, domin in ta gaza sai ta riƙa fitar da gurɓataccen sauti, shi ke ƙona ƙaramar sifikar nan mai fitar da siririn sauti. Da ka ji sauti ya fara tsagewa, rage.

Ra'ayina, wanda na san masu shago ba za su so shi ba: da ka sayi sabon saiti mai sifiku shida na roba, gara sifiku biyu na katako masu kyau da amfilifaya ɗaya, ko da na hannu ne. Tsofaffin Yamaha, Pioneer, Technics da Kenwood da ake samu wajen masu kayan Beljiyam, da yawansu har yau suna aiki lafiya. Sai dai a kula da abu biyu. A duba zoben soson da ke kewaye da faifan wufa, yakan ruɓe in ya tsufa. Sannan a duba wutar da na'urar ke sha: kayan Amurka na 120 ne, na Japan 100, tamu kuwa 230. In ba ka sa taransifoma mai rage wuta ba, jonawa ɗaya ka yi asara. Da irin wutarmu mai hawa da sauka, sitabilaiza ma dole ce. Masu sola kuma su nemi amfilifaya nau'in Class D, ba ta cin batir sosai.

Akwai gyaran da ba ya cin ko sisi. Ɗakunanmu siminti ne da tayil, sauti sai ya yi ta karo da bango yana dawowa. Kafet, labule mai kauri da kujerun kushin suna rage wannan amon. In ka cusa sifika a lungu bes zai ƙaru amma zai yi kauri ya dagule, jawo ta gaba kaɗan ka ji bambanci. In kana da sabwufa, ɗora ta inda kake zama, ka sa waƙa, ka zagaya ɗakin ka nemo inda bes ya fi fita tsaf, to nan ne mazauninta.

Yanzu ga inda maganar ta fi damuna. Mai shagon nan da abin da ya yi tallar kayansa shi ne "har bayan layi za a ji", kuma da yawanmu abin da muke so ke nan. Bango yana tare siririn sauti, amma bes ratsa shi yake. Kai kana jin waƙa, maƙwabcinka dum-dum kawai yake ji a ƙirjinsa, ba waƙa ba baiti. A gidan haya akwai mai jinya, akwai jariri, akwai wanda ya kwana gadi yake son ya runtsa. Yawancinsu ba za su yi maka magana ba saboda kunya da gudun rigima, amma shirunsu ba yarda ba ne. Ko a hukumance, NESREA na da ƙa'idojin hana yawan ƙara tun 2009, sai dai mu da muka san haƙƙin maƙwabtaka ai bai kamata mu jira hukuma ba.

Kunnenka ma amana ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako lafiya, amma da an ƙara ƙara lokacin ke raguwa da sauri. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Yaran da ke wasa a gaban sifika fa, wa ya tambaye su?

A ƙarshe dai yaya bai ɗauki mai 8,000 ɗin ba. Mun samo sifiku biyu na katako da 'yar amfilifaya mai wat 50, har da canjin da ya isa sayen sitabilaiza. Ya ɗan yi gunaguni, wai dangin ango za su ce kayan ba su cika ido ba. Na ce yaya, su dangin ango kwana ɗaya za su yi su watse, ita ce za ta zauna da kayan, da maƙwabtan da za ta buɗe ido ta gani kullum.

Kafin ka biya, juya akwatin ka karanta bayansa. Waɗanda suka taɓa sayen irin mai dubban wat ɗin nan, don Allah ku faɗa mana wata nawa ya yi muku.