Ruwan wanka mai ɗumi daga injin mota: a gwada, amma a san inda haɗarin yake

Duk wanda ke bibiyar bidiyoyin masu yawon daji na Ostireliya a YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da wannan hoton: Land Cruiser ko Nissan Patrol a tsaye a bakin rafi, an ɗaga bonet, an tsoma tiyo ɗaya a bokiti, ɗayan kuma yana feso ruwan ɗumi. Babu gas, babu itace, babu hitar lantarki. Zafin injin ne ke dafa ruwan. A can akwai kamfanoni irin su Glind da ke sayar da na'urar a haɗe, amma masu motoci da yawa sun fi son su haɗa tasu a gareji. Dabarar mai kyau ce, kuma ta cancanci matasa masu son ƙere-ƙere su koye ta. Matsalar ita ce bidiyon minti ɗaya yana nuna wankan ne kawai, ya ɓoye wuraren da aikin zai iya cin injin mota ko fatar mutum.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Injin mota yana zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da ya ƙona ta hanyar ruwan lagireto. Idan injin ya ɗumama, ruwan yana kaiwa wajen digiri 85 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos. Wani ɓangare nasa yana bi ta ƙananan tiyoyi biyu zuwa hitar cikin mota. A nan ake yanka tiyo ɗaya a saka na'urar musayar zafi. Mafi sauƙinta ita ce siririn bututun jan ƙarfe da aka naɗe a cikin wani babban bututu: ruwan lagireto yana zagaya waje, ruwan wanka yana bi ta ciki. Ruwan biyu ba sa haɗuwa, zafi kaɗai ke ratsa ƙarfen. Ƙaramin famfo mai bolt 12 yana zuƙo ruwa daga jarka ya tura shi zuwa kan shawa. Idan aka sa ruwan biyu suka riƙa gudu suna fuskantar juna, zafin da ake samu ya fi yawa.

Lissafi ne ke nuna darajar dabarar. Ɗaga zafin lita 1 ta ruwa da digiri 1 yana cin kusan kilojul 4.2. Shawa mai zubar da lita 4 a minti, daga digiri 20 zuwa 40, tana buƙatar kusan kilowat 5.6. Da batirin mota mai bolt 12 za a nemi wannan zafin, sai ya ba da kusan amfiya 470, abin da zai ƙwanƙwame shi cikin 'yan mintoci idan wayoyin ba su riga sun narke ba. Injin kuwa yana watsar da irin wannan zafin a iska kullum. Batir famfo kaɗai zai ɗauka, wanda ba ya kai amfiya 10. Samun amfani daga abin da ake zubarwa shi ne ainihin fasaha, kuma a nan masu wannan ƙira sun yi abin a yaba.

To amma wanda ya yanka tiyon hita ya shiga cikin jijiyar injin ne. Ruwan lagireto yana aiki a ƙarƙashin matsi na kusan ba 1, kuma kowace mahaɗa da aka ƙara wuri ne da zai iya yoyo. Motar daji tana girgiza na sa'o'i a kan hanya mai gargada. Kilif ɗin da bai ɗauru ba, ko bututun da ke gogar wani ƙarfe, zai iya zubar da ruwan a tsakiyar daji, injin ya ɗau zafi, gasket ya ƙone. Haka ma iskar da ta maƙale a tiyo bayan haɗawa tana hana ruwa zagayawa yadda ya kamata. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Haɗari na biyu ya fi ɓuya. Yawancin ruwan sanyaya injin da ake sayarwa a galan yana ɗauke da sinadarin itilin gilaikol, guba ce mai ɗan zaƙi da ke lalata ƙoda idan aka sha. Ƙaramar ɓula a walda ta isa, domin ɓangaren injin ne ke da matsi lokacin da famfo ke kashe, don haka gubar ce za ta kutsa cikin ruwan wanka. Shi ya sa bai kamata a sha ruwan da ya bi ta na'urar ba, ko a yi girki da shi.

Na uku shi ne ƙuna. Jiki yana jin daɗin ruwa a wajen digiri 38 zuwa 40. A digiri 60, daƙiƙu kaɗan sun isa su ƙona fata sosai, fatar yara ma ta fi saurin ƙonewa. Ostireliya da kanta ta ƙayyade digiri 50 ga ruwan zafin banɗaki a sababbin gidaje. Idan aka kashe famfo don a shafa sabulu, ruwan da ya tsaya a cikin bututu yana ɗaukar zafin injin gaba ɗaya, kuma shi zai fara fitowa da zarar an sake kunnawa. Gogaggun masu yawon daji suna kauce wa wannan ta hanyar mayar da tiyon fita cikin bokitin, ruwa ya yi ta zagayawa har ya kai yadda ake so, sannan a kashe injin a yi wanka daga bokiti. Wasu kuma suna saka bawul mai gauraya ruwan zafi da na sanyi da kansa. Kashe injin yana da wani amfanin: hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa idan ta taru a cikin tanti.

Wasu za su ce duk wannan wahala ce a kan abin da tukunya da risho za su yi. Ga mai fita sau ɗaya a shekara, gaskiyarsu ce. Baƙar jakar ruwa da aka shanya a rana ma ta wadatar. Amma ga wanda ke kwana a hanya makonni, kamar direbobin Hilux da ke ratsa hamada daga Agadez, ko ma'aikatan da ke zama a daji lokacin hunturu, motar ta riga ta yi zafi bayan tafiyar yini, kuma itace da gas ba sa samuwa ko'ina. Sai dai akwai abin dubawa tukuna. Ba sabon abu ba ne a garejojin Najeriya a cire tamostat daga injin, ko a toshe tiyoyin hita saboda ana ganin ba su da amfani a ƙasa mai zafi. Motar da aka yi wa haka ba za ta ba da zafi daidai ba, musamman ta dizal, wadda ba ta samar da zafi mai yawa idan tana aiki a tsaye.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba aikin biyu. Famfo, waya, fiyus, makunni da kan shawa abubuwa ne da matashi mai ƙwazo zai haɗa da kansa. Zuciyar na'urar kuwa, inda siririn ƙarfe ke raba guba da ruwan wanka, gara a sayi ginanniya ta farantan ƙarfe marar tsatsa, ko a ba wa ƙwararren mai walda. Kafin a ɗaura ta, a toshe bakinta, a hura mata iska fiye da matsin murfin lagireto, a nutsar da ita a ruwa a ga ko kumfa zai fito. Bayan an ɗaura, bakanike ya fitar da iska daga tiyoyi, kuma a ajiye guntun bututu da kilif biyu a mota domin a iya tsallake na'urar idan ta fara yoyo a hanya. Bidiyon da bai nuna waɗannan matakan ba, kallo ya dace da shi, bai isa a taɓa tiyon mota a kansa ba.