Ba Kowane Shafin Intanet Ne Ke Buƙatar Rumbun Bayanai Ba

Wani ra'ayi ya kafu a tsakanin masu gina shafukan intanet har ya zama kamar ba a tuhumarsa, wato cewa duk makaranta ko ƙungiya ko marubucin da ke son shafi na mutunci dole ne ya kama WordPress, manhajar da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, wadda a yau take ɗauke da kusan kashi arba'in cikin ɗari na shafukan duniya. Yawan masu amfani da ita shi ake kafawa hujja, alhali yawan jama'a a kan hanya ba ya nuna cewa hanyar ta dace da kowane matafiyi. WordPress tana aiki ne da harshen PHP tare da rumbun bayanai na MySQL, kuma a tsarinta na asali duk lokacin da mai karatu ya buɗe shafi sai sabar, wato kwamfutar da ke ajiye shafin, ta tono rubutun daga rumbun ta harhaɗa shi sabo. Wannan wahala ce mai ma'ana ga jaridar da ke sauya labari kowane minti, amma ɓarnar kuɗi ce ga makarantar da bayananta ba sa sauyawa sai sau biyu a zango.

Akwai wata hanyar da ake yi wa kallon kayan ƙwararru kawai, ita ce ta manhajojin gina tsayayyun shafuka, waɗanda ke ɗaukar rubutun da aka yi a fayiloli masu sauƙi su mayar da shi cikakkun shafukan HTML sau ɗaya, kafin wani mai karatu ya zo. Jekyll, wadda Tom Preston-Werner ya rubuta da harshen Ruby a 2008, da Hugo, wadda Steve Francia ya fara da harshen Go a 2013, su ne fitattu. Ana yin rubutun da Markdown, tsarin da John Gruber ya fitar a 2004, wanda ba ya buƙatar abin da ya wuce sanya alamar # a gaban kanun magana da taurari a gefen kalmar da ake son ta yi kauri. Wanda ya iya ƙawata saƙo a WhatsApp ya riga ya san rabin wannan, saboda haka zancen cewa abin ya fi ƙarfin malamin makaranta zance ne na masu cin abinci da tsoron jama'a.

Babbar fa'idar tana wurin aikin gwaji, domin marubuci yana iya gina shafin gaba ɗaya a kwamfutarsa ba tare da ko ɗigon data ba. Idan ya rubuta umarnin hugo server sai shafin ya bayyana a burauzarsa a adireshin localhost:1313, wanda ke nufin kwamfutar kanta, kuma da zarar ya adana gyara sai shafin ya sabunta a gabansa. Jekyll ma tana yin irin wannan a lamba 4000. A Kano ko Damagaram, inda wuta ke ɗaukewa kuma sabis ke yankewa a tsakiyar aiki, wannan bambanci ne tsakanin kammala rubutu da rasa shi, tun da fayilolin suna hannun mai su.

Inda mutane ke tuntuɓe, har su ɗora wa manhajar laifi, shi ne wurin wallafawa, kuma kusan kullum layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti, wato hugo.toml a Hugo ko _config.yml a Jekyll. A nan ake rubuta tushen adireshin shafin, kuma saboda Hugo tana maye gurbinsa da localhost lokacin gwaji, kuskuren ba ya fitowa sai an ɗora shafin a masauki irin GitHub Pages, inda shafin aiki ke zama a ƙarƙashin sunan ma'ajiyar fayilolinsa, sai a tarar hotuna sun ɓace kuma ado ya zube. Gyaran bai wuce minti biyu ba ga wanda aka taɓa nuna wa. Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin abin lura guda biyu: ya sanya ha a matsayin lambar harshen shafin, sannan ya rubuta wa kowane kanu gajeren adireshi da hannunsa, domin harafi mai lanƙwasa kamar ƙ yana komawa %C6%99 idan an kwafi adireshin, abin da ke munana mahaɗin da za a tura wa mutane.

Gaskiya ne cewa kantin da ke karɓar kuɗi, ko gidan jarida mai editoci ashirin, yana buƙatar rumbun bayanai, kuma babu mai hankalin da zai musa. Abin da ba shi da hujja shi ne a ɗora wa ƙaramar ƙungiya kuɗin hayar sabar duk shekara, tare da tarin ƙananan manhajojin da ake liƙa wa WordPress, waɗanda ta cikinsu ne masu kutse suka fi shigowa idan an daina sabunta su, sannan wanda ya gina shafin ya tafi da kalmar sirri. Tsayayyen shafi ba shi da ƙofar shiga ta mai gudanarwa balle a ɓalle ta, GitHub Pages da Netlify da Cloudflare Pages suna ɗaukar ƙarami kyauta, kuma idan ɗayansu ya sauya sharaɗi gobe, kwafe babban fayil ɗin public, inda Hugo ke zuba shafukan da ta gina, zuwa wani masauki shi ne dukan ƙaurar.