Batirin Motar Ɗaga Kaya Jari Ne, A Riƙe Shi Riƙon Jari

Tun daga lokacin da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni na 2023, masu masana'antu a Ikeja da Apapa da Sharaɗa da Bompai suka shiga lissafin kowane kwabo da ke fita. Dalar da ake saye kimanin N460 a farashin gwamnati ta haura N1,500 a 2024, man gas kuma ya wuce N1,000 kowace lita. Wannan ne ya sa wasu manajoji suka fara jingine motocin ɗaga kaya masu shan man gas, suna sayo masu aiki da batirin litiyum.

Ta fuskar lissafi, shawarar ba ta da aibu. Batir mai ƙarfin bolt 48 da amfiya 600 yana ɗaukar wutar da ta kai kimanin kilowat 29. Ko da a farashin N225 da aka ƙayyade wa masu rukunin A a watan Afrilu na 2024, cika shi bai wuce N7,000 ba, kuma zai yi aikin yini madaidaici. Motar man gas kuwa takan sha lita biyu zuwa uku a kowace awa. Mai karatu ya ninka da kansa.

To amma wannan riba tana rataye ne a kan sharaɗi guda, wato batirin ya cika shekarunsa. Masu ƙera irin wanda aka fi sa wa waɗannan motoci, mai haɗin litiyum da ƙarfe da fosfet, suna cewa yakan jure caji da sauka sau 3,000 ko fiye, alhali na dalma yakan tsaya wajen 1,500. Idan kamfani yana aiki kwana 300 a shekara, shekara goma ke nan. Idan sakaci ya kashe shi a shekara ta biyar, kuɗin batirin ya ninka, kuma da Dala za a sayo wani, a biya kwastan, a jira jirgin ruwa, motar tana ajiye.

Babban makashinsa a ƙasar nan zafi ne. Kwanakin baya na shiga wani sito inda na tarar an kafa caja a ƙarƙashin rufin kwano, kusa da bakin hayaƙin janareta, a tsakiyar bazara. Da na yi magana sai mai kula da wurin ya ce ai nan ne soket yake. Masu ƙera batiran nan ba su yarda a yi caji idan zafin batir ya wuce awo 45 ba, ga shi kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin inuwa kansa yakan wuce 40 a watan Afrilu. Batirin ba zai yi ƙara ba, ba zai nuna alamar ciwo ba, sai dai ƙarfinsa ya riƙa zagwanyewa a hankali, har ran da za a lura cewa motar da ke kai la'asar ta fara gajiya da azahar. Ɗaki mai inuwa da iska, da fanka, da mai share ƙurar hunturu daga bakin caja, kuɗinsu kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin batirin.

Abu na biyu shi ne al'adar da direbobi suka gada daga batirin dalma. Wancan ana barinsa ya yi ƙasa sosai, a yi masa caji na awa takwas, a bar shi ya huce na wasu awa takwas, a kuma zuba masa tataccen ruwa. Na litiyum ba ya shan ruwa, yana cika cikin awa ɗaya zuwa biyu, kuma ya fi son a riƙa ɗan jona shi lokacin hutun cin abinci ko salla maimakon a tatse shi. Kada a bari ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Duk da haka, lokaci-lokaci a bar shi ya cika maƙil, domin a nan ne na'urar da ke cikinsa take daidaita ƙwayoyinsa, ta kuma gyara lissafin cajin da take nunawa. Idan za a rufe masana'anta na tsawon makonni, a ajiye shi da rabin caji.

Sai kuma wata ɗabi'a tamu ta "bari a kira mai gyara ya yi dabara". Cajar batirin dalma ba ta dace da na litiyum ba, ko da bakinta ya shiga. Na'urar nan mai kula da batir, wadda ke yanke wuta idan zafi ko caji ya wuce kima, ita ce katangar da ke tsakanin sito da gobara, don haka duk wanda ya zagaye ta da waya saboda tana "damun aiki" ya jefa kayan miliyoyi cikin haɗari, ya kuma soke garantin da aka biya kuɗinsa. Haka nan wutar da ke hawa da sauka, ta layin gwamnati ce ko ta janareta, tana buƙatar na'urar daidaitawa a gaban caja.

Akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba. A motar ɗaga kaya, nauyin batir yana cikin abin da ke hana ta kifewa idan ta ɗaga kaya sama. Na litiyum bai kai na dalma nauyi ba, saboda haka wanda zai sauya batir a tsohuwar mota dole ya duba nauyin da aka rubuta a jikinta, ya cike gurbin da ƙarfe.

A ganina laifin ya fi yawa a ofishin akanta. Ana rubuta batir a layin kayan gyara, tare da taya da man giris, alhali yakan cinye kaso mai tsoka na kuɗin motar gaba ɗaya. Kamata ya yi a ba shi lamba a littafin kadarori, a naɗa mutum guda mai amsa tambaya a kansa, a kuma riƙa karanta bayanan da na'urarsa ke adanawa kowane wata. Dillalan da ke shigo da su ma a tilasta musu, tun a takardar ciniki, su horar da direbobi su kuma karɓi mataccen batir, domin a Jihar Nasarawa an buɗe masana'antar tace duwatsun litiyum a 2024, amma batirin da ke cikin motocin nan har yanzu daga waje muke sayo shi.